Yadda Ake Jan Waƙar Sujada da Ogan Mai Bututu

Na yi wannan rubutu ne domin 'yan'uwa masu kaɗa kibod a majami'a, waɗanda wata rana za a nuna musu ogan mai bututu a ce bismilla, ja mana waƙa. A wajenmu na Arewa irin wannan ogan ba shi da yawa, galibi kibod muke da shi, ko ogan na lantarki mai kwaikwayon muryar bututu. Amma wanda karatu ko aiki ya kai shi Legas, ko Ingila, ko Jamus, zai same shi, kuma kusan duk abin da zan faɗa yana aiki a kan na lantarkin ma, muddin yana da fedar ƙafa. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A babban cocin Angilikan na Marina a Legas, T.K.E. Phillips ya riƙe ogan daga 1914 har 1962, kuma a hannunsa shahararren mai ogan nan Fela Sowande ya yi koyo kafin ya tafi Landan.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne ƙarfin yatsanka ba ya aiki a nan. A fiyano in ka buga da ƙarfi sauti ya yi ƙarfi, in ka lallaɓa ya yi taushi, sannan ya riƙa mutuwa da kansa. Ogan iska ce. Akwai injin da ke hura ta cikin wani akwati da bututan ke tsaye a kansa (a da mutum ne ke zuga zugazugi da hannu), kai kuma in ka danna maɓalli ƙofa kawai ka buɗe wa iskar ta shiga bututu. Muddin yatsanka na ƙasa, sautin na nan yadda yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kana ɗagawa ya yanke nan take, kuma babu fedar da ke riƙe maka sauti kamar ta fiyano. Saboda haka abin da ke hannunka biyu ne: lokacin da ka danna, da lokacin da ka saki. Masu kibod sun iya na farkon. Na biyun ne aikin ogan, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin nan, ka san abin da ke gabanka. Za ka ga jerin maɓallai hawa biyu ko uku, kowanne da maɓalli 61 ko ƙasa da haka kaɗan. A mai hawa biyu, na ƙasa shi ne Giret, mai babbar murya, da shi ake jan jama'a. Na sama shi ne Suwel, bututansa suna cikin wani ɗaki mai tagogin katako da kake buɗewa ko rufewa da wani faffaɗan mataki a wajen ƙafar dama, ta haka kaɗai kake ƙara murya ko rage ta a hankali. A ƙasa ga fedar ƙafa, sanduna 30 ko 32 da ake kaɗawa da ƙafa kamar maɓallai. A gefe kuma ga 'yan kawunan da ake ja, masu ogan na ce musu sitof. Galibi kowane sitof jeri ɗaya ne na bututai, bututu guda ga kowane maɓalli. In ba ka ja ko ɗaya ba, ko ka danna maɓalli shiru za ka ji.

Lambar da ke jikin sitof ita ce ta fi sunansa amfani a gare ka. Mai lamba 8 yana fitar da sauti daidai inda ka danna, kuma an sa masa 8 ne don bututunsa mafi tsawo ya kai wajen ƙafa takwas. Mai 4 yana fitowa okteb ɗaya sama, mai 2 okteb biyu sama, mai 16 okteb ɗaya ƙasa. Wanda ka ga an rubuta masa lambar Romawa, III ko IV, mikisca ke nan, ƙananan bututai uku ko huɗu ne ke kuka tare a kan kowane maɓalli don su ƙara wa sautin haske. Ta wajen murya kuwa, yawancin bututai irin sarewa suke, iska ce ke tsagewa a bakinsu: firinsifal, wanda wasu ke rubutawa dayafason, shi ne ainihin muryar ogan, sai fulut mai taushi, sai masu siririn sauti. Kaɗan kuma irin algaita ne, suna da harshen ƙarfe da ke karkarwa a ciki, su ne tirampet da obo da 'yan'uwansu.

Don waƙar jama'a, ka fara da firinsifal 8 da 4 a Giret, 16 da 8 a feda, ka ja mahaɗin da ke haɗa Giret da feda. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe majami'a mai matsakaicin girma. Akwai wani sitof mai sa sauti rawa, tiremulan, da wani mai suna selest da aka ɗan karkatar da muryarsa da gangan. Suna da daɗi lokacin Jibin Ubangiji, sa'ad da kai kaɗai ke kaɗawa a hankali. Amma kada ka sa su a ƙarƙashin mutane masu rerawa, don sautin da ke lilo ba ya ba kunne wurin tsayawa.

Yanzu zama. Ka zauna a tsakiyar benci, saitin sandar D ta tsakiyar feda, ka matso gaba yadda ƙafafunka za su rataya su taɓa sandunan ba tare da ka miƙe ba. Takalmi ya zama mai siririn tafi na fata da ɗan dunduniya, kuma ka ware shi domin ogan kaɗai, kada ka taka waje da shi, don yashin da ke maƙale a tafi yana cin katako. Silifa da kambas mai faɗi ba su yi ba, sanda biyu za ka riƙa takawa lokaci guda. In babu takalmin, gara safa. Ranar bikin da ka sha babbar riga, ka naɗe ta sosai kafin ka hau, 'yar'uwa mai zani ma ta ɗan ɗage shi daga idon sawu, don tufa na shiga tsakanin sanduna ta kama dunduniya a tsakiyar aya.

Ana taka feda da gaban ƙafa da dunduniya, motsin daga idon sawu yake fitowa, gwiwoyi kusa da juna. A littafi za ka ga alama mai tsini, gaban ƙafa ke nan, mai zagaye kuma dunduniya. In alamar na saman layi ƙafar dama ce, in tana ƙasa hagu ce. Kada ka saba da leƙen ƙafarka. Baƙaƙen sandunan a jere suke biyu, uku, biyu, uku, da gibi a tsakaninsu. Ka zura gaban ƙafarka cikin gibin, gefen da ya taɓa zai gaya maka inda kake, kamar dai yadda yatsa ke gane wuri a kibod cikin duhu. Mako kaɗan na wannan, ƙafa za ta haddace.

Waƙar da ke cikin littafi murya huɗu ce: sufurano, alto, tena, bes. A kibod hannun dama na ɗaukar biyun sama, hagu biyun ƙasa, ko ma dai mutum ya riƙe kod da hagu ya bi waƙa da dama. A ogan rabon daban yake. Dama ta ɗauki sufurano da alto, hagu tena kaɗai, ƙafa bes. Wahalar duk tana wajen hannun hagu, don ya saba bin bes, kuma zai riƙa komawa can da kansa duk sa'ad da ƙafa ta motsa. Shi ya sa tsarin gwajin da nake ba ɗalibai yake haka: ƙafa ita kaɗai tukuna, sannan hagu da ƙafa, a daɗe a nan har sai sun rabu, sannan dama da ƙafa, daga ƙarshe a haɗa duka a hankali ƙwarai. Wanda ya taso da solfa, ba ya karanta rubutun sitaf, wato rubutun kiɗa mai layuka biyar, zai iya rubuta layin tena da na bes cikin solfa a takarda ya fara da su. Amma ina ba shi shawara ya koyi sitaf ɗin, don duk littattafan ogan da shi aka rubuta su. In kuma Lahadi ta zo ƙafarka ba ta nuna ba, ka kaɗa da hannu kaɗai da tsabta. Babu laifi a ciki, ya fi feda mai tuntuɓe.

To, ga zancen saki. Ɗauki tsohuwar muryar nan ta Zabura ta 100 da ta fito daga littafin zabura na Janiba a 1551, wadda ake rera yabon Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki da ita. Layinta na farko: do do ti la so do re mi. Dubi do biyun nan na fari. A fiyano guduma ce ke bugawa sau biyu, kowa ya ji. A ogan in ka ɗaga yatsa ɗan mitsitsi ka mayar, iskar ba ta gama yankewa ba, ga kuma amon ɗaki, sai jama'a su ji dogon do guda ɗaya, su rasa inda bugu na biyu yake, tun daga kalmar farko an rarrabu. Abin da za ka yi shi ne ka ba do na farko rabin lokacinsa, sauran rabin ya zama shiru, sannan do na biyu ya sauka daidai kan bugu. A kunnenka, kai da ke zaune kusa, zai yi kamar ka yanke da yawa. Ka sa wani ya kaɗa, ka je bencin ƙarshe ka saurara, za ka ji daidai ne.

Daga do na biyu zuwa ti, la, so kuwa, a manne ake tafiya, wannan na sauka wancan na tashi, ba gibi kuma ba haɗuwa. Yatsu biyar ba sa isa, don haka ake sauya yatsa a kan maɓalli yana danne: ka danna da na huɗu, ka zame na biyar ya karɓe shi ba tare da sautin ya yanke ba, na huɗun ya samu 'yancin zuwa gaba. Ka rubuta lambar yatsun da fensir a littafinka. Ƙa'idar da nake bi ita ce, sufurano duk inda sauti ya maimaitu sai an maimaita shi a fili, don a can kalmomi suke. Alto da tena ana iya riƙe wasu a ɗaure don kada kiɗan ya yi tsalle-tsalle. Bes kuma a maimaita shi a kan bugu mai nauyi, don shi ne ke gaya wa jama'a sauri.

Wannan ya fi muhimmanci a irin waƙoƙin da muka fi rerawa. Da yawa daga cikin na Littafin Waƙoƙi fassara ce daga waƙoƙin bishara na zamanin Sankey, mawaƙin bisharar nan ɗan Amurka, masu amshi, inda kod ɗaya ke maimaituwa sau shida ko takwas a jere. In ka sassare duka muryoyi huɗun a kowane bugu, ogan zai riƙa haki. In ka ɗaure duka, waƙar ta zama kunu. Ka bar sufurano ya faɗi kowace gaɓa, ka riƙe na tsakiya, ƙafa ta taka bugu na ɗaya da na uku, ko na ɗaya da na huɗu in waƙar mai bugu shida ce. A amshin da maza ke amsa wa mata, ka fito da layin mazan a fili da hannun hagu, don suna jiran su ji shi.

Sai numfashi. Ogan ba ya gajiya, mutane kuwa huhu gare su. A ƙarshen kowane layi ka ɗage hannu da ƙafa gaba ɗaya, ka ɗebi lokacin shirun daga sautin ƙarshe, kada ka ƙara shi a kan bugu, don layi na gaba ya shigo a kan lokaci. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko kana yi daidai ita ce ka rera da bakinka kana kaɗawa. Inda numfashinka ya ƙare, nan nasu ma ya ƙare.

Kuma littafin Hausa za ka buɗe a gabanka, kusa da na kiɗan. Wannan ina faɗarsa da nauyi. Littafin kiɗan da Turanci yake, waƙafinsa na Turanci ne, amma mutanenka da Hausa suke rerawa, kuma mai fassara bai ajiye waƙafi inda Bature ya ajiye ba. Wani wuri jimlar Hausa ta ƙetare ƙarshen layi, in ka yanke a nan ka raba kalma da abokiyarta. Wani wurin kuma ayar Hausa ta fi muryar yawan gaɓoɓi, sai jama'a su raba sauti ɗaya gida biyu don kalmar ta shiga, a aya ta biyu kaɗai, ban da ta ɗaya. Lambobin da ake rubutawa a saman waƙa, irin 8.6.8.6 ko 8.8.8.8, yawan gaɓoɓin kowane layi ne. Ka ƙirga na Hausar da yatsa ranar Asabar, aya bayan aya, ka sa alama duk inda suka saɓa, ka kaɗa yadda bakin mutane zai faɗa. Haka nan akwai waƙoƙin da ikilisiya ta daɗe tana rera su da wata 'yar lanƙwasa da babu ita a littafi, iyayenmu mata sun gaje ta haka. Ra'ayina shi ne ranar Lahadi ba ranar gyara ba ce. Ka bi su. In gyaran ya zama dole, a fara shi a gwajin kwaya, a tafi da shi sannu.

Gabatarwar da kake kaɗawa kafin a fara tana gaya wa mutane abu uku: wace waƙa ce, a wane ki, da wane sauri. Don haka ka kaɗa ta da ainihin saurin da za a rera, kada ka ja ƙarshenta. Sananniyar waƙa layin farko da na ƙarshe sun isa, baƙuwa kuwa a kaɗa ta duka. Ka riƙe kod na ƙarshe, ka saki, ka bar shiru na bugu ɗaya ko biyu, sannan ka shiga. Tsawon wannan shirun ya zama iri ɗaya tsakanin kowace aya da ta gaba, daga farkon waƙa har ƙarshe. In ka yi haka, kafin aya ta uku za ka ji dukan ɗakin na jan numfashi tare. Batun ki kuma, taron jama'a na jin daɗi daga C ta tsakiya zuwa D ta sama. Waƙar da ta haura E, musamman a sujadar safe, ka sauke ta mataki ɗaya, amma ka gwada a sabon kin tun a gida.

Jama'a za su ja waƙa baya, wannan halinsu ne a ko'ina. Ƙari a kan haka, sauti na ɗaukar lokaci kafin ya je ƙarshen ɗaki ya dawo, saboda haka abin da kake ji daga bakinsu ya riga ya makara. In ka jira shi, su ma su jira ka, kowace aya sai ta fi ta baya nauyi. Ka riƙe bugun a cikinka ka tsaya a kansa. In sun yi nauyi, ƙara ƙarfi ba ya magani, sai ma ya sa su yi shiru su bar maka. Ka ƙara gibi tsakanin sautuka, ka taka feda gajere-gajere, ka ja sitof mai lamba 2, don siririn sautin sama shi kunne ke kamawa. Layi biyu sun isa su dawo. Ranar da za a haɗa da ganga ko tulun zumuntar mata, ku shirya tun kafin sujada wa ke riƙe da bugu, kuma in da ganga, ita ce.

Sauya murya tsakanin ayoyi daga kalmomi yake fitowa. Ka karanta waƙar duka tukuna. Ayar da ke maganar gicciye ko kabari, ka rage, amma kada ka sauka ƙasa da 8 da 4, don in mutane suka daina jin ogan a ƙarƙashinsu tsoro suke ji su janye murya. Wata ayar ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, dawowar feda a aya ta gaba kaɗai ya isa sauyi. Mikisca da tirampet ka adana su sai ayar ƙarshe, ko ayar tashi daga matattu. Duk sauyin a cikin shirun tsakanin ayoyi ake yinsa, da hannu ɗaya, ko da 'yan maɓallan da ke ƙarƙashin jerin, waɗanda ake shirya musu haɗin sitof tun da wuri. Don baƙuwar waƙa akwai dabara mai kyau: dama ta kaɗa sufurano kaɗai a hawa ɗaya da murya mai fita kamar tirampet, hagu ta ɗauki alto da tena a ɗaya hawan da murya mai taushi, ƙafa na bes. Tana bukatar gwaji, amma ba abin da ya fi ta koya wa jama'a sabuwar murya.

Akwai littattafan da ke ba da wani sabon jerin kod domin ayar ƙarshe. Ina son su, amma da sharaɗi. A majami'unmu mutane da yawa, ba 'yan kwaya kaɗai ba, suna rera alto da tena da bes da ka daga inda suke zaune. In ka sauya kod ba sanarwa, ka yi karo da su. Sai an gaya wa kwaya cewa ayar ƙarshe murya ɗaya za a yi, kuma waƙar ta zama wadda kowa ya haddace. Sau ɗaya a sujada ya isa.

Saura kula da kayan. Zafi na ɗaga muryar bututai masu irin sarewa, masu harshen ƙarfe kuwa kusan suna nan inda suke, don haka tirampet ɗin da ya yi daidai da ƙarfe bakwai na safe yana iya saɓawa da sauran da tsakar rana, bayan kwano ya ɗau zafi. Ka gwada shi a hankali kafin sujada ta biyu, in ya kauce ka bar shi. Fanka da ke juyawa kusa da bututai tana sa sauti rawa, a kashe wadda ke wajen. Lokacin hunturu katako na bushewa, ƙura na shiga, wani lokaci sauti ɗaya ya maƙale yana ta kuka shi kaɗai. Ka ɗan bubbuga maɓallin, in bai saki ba ka tura sitof ɗin ciki ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin, ko ka koma ɗaya hawan ka ci gaba. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aya, iskar za ta zube cikin daƙiƙa kaɗan, sautin ya lanƙwashe ƙasa. Ka ɗage hannu nan da nan, ka ci gaba da rerawa da baki da ƙarfi, kwaya za ta ɗauka. In janareta ya tashi, ka jira farkon aya ta gaba, ka lalubi kin da jama'a suke kai a hankali kafin ka shiga, don mai yiwuwa sun ɗan sauka.

In an tashi, ka tura dukan sitof ciki, ka bar tagogin Suwel a buɗe don iskar ciki da ta waje su zama ɗaya, ka kashe injin, ka rufe maɓallai. Kada kowa ya ci abinci kusa da shi, don ɓera na bin ɓurɓushi ya ƙare da cin fatar da ke cikin akwatin iska. Kada ka taɓa bututu da hannu ko ka hura shi da baki, ƙarfensa mai laushi ne, ɗan matsi na sauya masa murya. Ka ajiye ɗan littafi a kan benci, duk sautin da ya maƙale ko ya yi shiru ka rubuta sunan sitof, da maɓallin, da ranar, da yadda yanayi yake, don masu gyaran ogan kaɗan ne a ƙasar nan, kuma in mai gyara ya zo daga nesa da wannan littafin zai fara aiki.